Rangadin kwana ɗaya zuwa tudun Osan: abin da na biya da abin da na samu

Kusan duk kamfanonin yawon buɗe ido na birnin Seoul kaya iri ɗaya suke tallata wa mai son tarihin yaƙin Koriya. Su loda ku a bas zuwa kan iyakar Kudu da Arewa, ku leƙa ta madubin hangen nesa, ku sunkuya cikin ramin da 'yan Arewa suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, ku dawo da hotuna. Wanda ɗana ya yi mana rajista da shi ba haka yake ba. Ƙaramin kamfani ne mai mota ƙirar Hyundai, kuma kudu yake nufa da kai, zuwa wani tudu da ake kira Jukmiryeong a arewacin garin Osan, inda sojojin ƙasa na Amurka suka fara gwabzawa da na Koriya ta Arewa ran 5 ga Yulin 1950, suka kuma sha kashi. Bayan azahar sai a dawo da kai babban gidan tarihin yaƙi da ke unguwar Yongsan. Tun daga nan zan faɗi hukuncina: tafiyar safe ta ci kuɗinta har da riba, abincin rana bai yi wa Musulmi adalci ba, ta yamma kuwa mutum na iya yinta da ƙafarsa ba tare da ya biya kowa ba.

Aikin soja na yi har na ajiye kaki, kuma yawancin shekarun a sito na yi su, ina ƙirga takalma da batir da akwatunan harsashi ina sa hannu a littafi. Don haka in mai karatu ya ga na daɗe a kan lissafin kaya, ya yi mini uzuri, a nan idona ya saba faɗawa.

Motar ta zo kan lokaci, tsaf-tsaf, aka raba mana 'yan na'urorin saƙalawa a kunne don jin jagora ko yana nesa. Jagoran dattijo ne da ya yi hidimar sojansa ta dole a rundunar atilare, Turancinsa a hankali yake fita amma ana ganewa. Abin da ya fara burge ni shi ne bai jira mun isa Osan ba. Muna hawa gadar kogin Han ya sa direba ya sassauta, ya ce a nan ne labarin ya fara lalacewa. Da asubar Lahadi 25 ga Yuni 'yan Arewa suka tsallako layi na 38, iyakar da ta raba Kudu da Arewa, da tankoki ƙirar T-34 da Tarayyar Sobiyet ta ba su. Sojan Kudu ba shi da tanka ko ɗaya, kuma a ƙarshen makon nan an sallami kurata da yawa hutu. Cikin daren 28 ga wata, wajen ƙarfe 2:30, aka tarwatsa gadar da nakiya alhali akwai jama'a da motoci a kanta, kuma yawancin dakarun Kudu suna can tsallaken arewa da manyan makamansu. Injiniyan da ya aiwatar da umarnin, Kanar Choi Chang-sik, shi aka gurfanar aka harbe a watan Satumba. Sai bayan shekaru kotu ta wanke shi, yana kabari. Jagoran bai yi sharhi ba, ya dai faɗa ya yi shiru. Duk wanda ya taɓa sa kaki ya san yadda laifin manya ke gangarowa ƙasa har ya sami wuyan da zai rataya.

Ya kuma kawo kishiyar wannan, wadda ban taɓa ji ba. A Chuncheon, can gabas, runduna ta 6 ta sojan Kudu ƙarƙashin Kanar Kim Jong-oh ba ta ba kowa takardar fita ba a wannan makon, mutanenta suna cikin ramukansu lokacin da hari ya zo, suka riƙe garin kwana uku. Makamansu iri ɗaya ne da na sauran rundunonin da suka watse. Bambancin kawai wani hafsa ne ya hana hutu.

Mun ratsa Suwon, inda ya nuna cewa sojojin Turkiyya sun buɗe makarantar marayu a lokacin yaƙin, sannan muka isa tudun. Wurin ba wani dutse ba ne mai ban tsoro. Tudu ne da bai kai mita 100 sama da titi ba, babbar hanya ta ratsa tsakiyarsa, layin dogo kuma yana gefen gabas. Akwai tsohon hasumiyar tunawa da aka gina a 1955 da duwatsu 540, dutse ɗaya kan kowane mutum, akwai sabo na 1982, ga zauren tarihi da aka buɗe a 2013 da wurin shaƙatawa da aka ƙara a 2020. Yawancin baƙi a zauren suke tsayawa. Jagoranmu ya ce a fara hawa sama tukuna, zaure ya jira. Wannan shawarar ita ce ta fi komai daraja a ranar. Dogayen gidaje sun cika kwarin yanzu, amma har yau in ka tsaya ka fuskanci arewa za ka gane dalilin da ya sa Laftanar Kanar Charles Smith, kwamandan Amurkawan, ya zaɓi nan. A wancan lokaci ana hangen titi kusan har Suwon, tafiyar kilomita 13. Babu hafsan da zai kushe zaɓin wurin.

A saman tudun jagoran ya zaro takarda ya karanta mana abin da Smith ya zo da shi, ni kuma na ji kamar an dawo da ni bakin aiki. Mutum 406 na sojan ƙasa, kamfani biyu da ba su cika ba daga bataliya ta 1 ta rejimenti ta 21, da mutum 134 na atilare ƙarƙashin Laftanar Kanar Miller Perry. Jimla 540. Kowane soja harsashi 120 da abincin gwangwani na kwana biyu. Igwa 6 masu bakin milimita 105. Bazuka 6 masu bakin inci 2.36, irin wadda tun a yaƙin duniya na biyu aka san ba ta huda manyan tankoki. Nakiyar binnewa ta fasa tanka babu ko ɗaya, alhali titi ɗaya ne tankokin za su bi, gefe da gefe gonakin shinkafa ne cike da ruwa. Sai kuma abin da ya sa na ce ya maimaita: harsashin igwa mai huda ƙarfen tanka guda 6. Ba akwati 6 ba, ƙwaya 6.

Daga Japan aka kwaso sojan ƙasan a jirgin sama ran 1 ga Yuli zuwa Busan, jirgin ƙasa ya kai su Daejeon ya ƙara gaba da su, manyan motoci suka ƙarasa da su. Wajen ƙarfe 3 na daren ran 5 suka iso tudun cikin ruwan sama suka hau haƙa. Ruwan nan ya hana jiragen yaƙi tashi, ya kuma jiƙa tsoffin rediyoyinsu. Ƙarfe 8:16 igwa ta fara magana. Harsasan gama-gari suna faɗawa kan tankokin suna fashewa, tankokin na tahowa abinsu. Wani laftanar mai suna Ollie Connor ya sauka cikin kwalbatin bakin titi ya harba roka 22 a bayan tankoki daga tazarar da ba ta wuce mita 15 ba. Igwa ɗaya da aka turo gaba da waɗancan harsasai 6 ita ce ta tsayar da tankoki biyu na farko, harsasan suka ƙare, tanka ta uku ta kashe bakinta. Tankoki 33 suka zo, 4 aka lalata ko aka tsayar, sauran suka ratsa ta tsakiyar Amurkawan suka wuce Osan ba su ko tsaya ba. A kan hanyarsu suka tattake wayar tarho da aka shimfiɗa a bakin titi tsakanin sojan ƙasa da atilare.

Wajen ƙarfe 11 sai ga ainihin rundunar, jerin motoci da 'yan ƙafa mai tsawon kusan kilomita 10, mutum wajen 5,000 na runduna ta 4 ta Arewa. Smith ya bari suka matso kamar mita 900 sannan ya buɗe wuta, kuma ya yi musu ɓarna. Amma igwoginsa suna can baya ba wanda ke gaya musu inda za su harba. 'Yan Arewa ba su yi wautar afkowa ta gaba ba, suka zagaye ta hagu da dama suka hau tudun da ya fi nasa tsayi. Ƙarfe 2:30 na rana, harsashi ya kusa ƙarewa, ya ba da umarnin ja da baya. A nan aka yi asarar da ta fi yawa. Wani rukuni bai ma sami umarnin ba, sai dubawa suka yi suka ga su kaɗai suka rage. Aka bar waɗanda suka ji mummunan rauni a kan makara, wani ma'aikacin jinya ya zaɓi ya zauna da su. Aka bar igwogi bayan an cire musu abin saiti. Mutum wajen 150 ne ba su dawo ba, tsakanin matattu da fursunoni da ɓatattu. Abin da aka saya da wannan shi ne jinkirin awa 6 zuwa 7.

A cikinmu akwai wani Ba'amurke da ya ce kakansa ya yi yaƙin. Ya kawo maganar da aka saba ji, cewa yaran sun sangarce ne a Japan, aikin mamaya ya mai da su 'yan hutu, masu wanki da goge takalmi suna yi musu komai, don haka da suka ga tanka suka gudu. Jagoran ya gyaɗa kai, kamar yadda mai sana'a ke yi wa wanda ya biya. A nan ne kawai na ga rauninsa, domin takardar da ke hannunsa ta ƙaryata maganar. Ɗana ya taɓa ni ya ce, "Baba, don Allah kada ku ja zancen." Ban ja ba, amma zan faɗa a nan.

Gaskiya ne yawancinsu samari ne, kusan ɗaya cikin shida ne kawai ya taɓa jin ƙarar harbin abokin gaba, kuma wasu 'yan atilare sun bar igwa da tankoki suka matso har sai da hafsoshi da sajan-sajan suka karɓi lodi da hannunsu. Amma mutumin da ya kwanta a kwalbati ya harba roka 22 ba raggo ba ne. Wanda ya ga tankoki 29 sun wuce ta bayansa, ya san an yanke masa hanya, ya kuma zauna a raminsa ya tari mutum 5,000, ba ɗan hutu ba ne. An riga an faɗi wannan yaƙin tun kafin a haƙa ramin farko, kuma waɗanda suka faɗe shi ba su zo Osan ba. Sojan ƙasa na Amurka ya sauko daga mutum miliyan 8 a 1945 zuwa ƙasa da 600,000 a tsakiyar 1950. Sakataren tsaro Louis Johnson yana ta yanke kasafi bisa tunanin cewa bam ɗin nukiliya da jiragen sama sun wadatar. Rundunoni huɗu da ke Japan, yawancin rejimentinsu bataliya biyu ke gare su maimakon uku, tankokinsu ƙanana ne ƙirar M24, filin atisaye kuma ya yi kaɗan. Bazuka mai bakin inci 3.5 wadda ke huda T-34 an riga an ƙera ta, ba a dai raba ba. Da aka kawo ta a jirgi bayan 'yan kwanaki, ta fasa tankoki da dama a Daejeon ran 20 ga Yuli. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma su ranar tafiyar ma ta wuce da mako biyu kafin a kawo wuƙar.

Sai kuma raini. Birgediya John Church ya gaya wa Smith cewa abin da ake bukata kawai mutanen da ba za su gudu in sun ga tanka ba. Janar MacArthur, babban kwamandan Amurka a yankin, da kansa ya bayyana daga baya cewa yana fatan nuna isa da ƙasaita zai sa abokin gaba ya zaci akwai babbar runduna a baya. Wato an aika mutum 540 su tsorata mayaƙan da da yawansu sun goge a yaƙin basasar ƙasar Sin, da kakin Amurka kawai. Ba mamaki da Janar Gordon Sullivan ya zama babban hafsan sojan ƙasa a 1991, ana sake rage soja bayan yaƙin cacar baka, takensa shi ne kada a sake yin wata rundunar Smith. Jagoran ya san wannan, ya faɗa a cikin zaure. Da ma a gaban Ba'amurken ya faɗa.

Zauren kansa ƙarami ne, awa ɗaya ya isa. Akwai sunayen mutanen da hotunan wasunsu, da samfurin makaman. Na ɗan tsaya gaban bazukar ina auna bakinta da yatsuna.

Yanzu abinci. Tun wajen rajista ɗana ya rubuta cewa mu Musulmi ne, aka amsa da cewa an gani. Da rana ta yi sai motar ta tsaya a gidan wani romo da ake kira budae-jjigae, ma'ana romon bariki, wanda ya samo asali daga ragowar naman gwangwani da tsiran alade na sansanonin Amurka bayan yaƙin. Na gane hikimar, abinci ne da ya dace da darasin ranar, kuma yankin Songtan da ke kusa ya yi suna da shi. Sai dai naman alade ne tun daga sama har ƙasan tukunya. Mu shinkafa fara da ganye da ƙwai muka ci, kuɗin kuwa ba a rage ko sisi ba. Jagoran ya ji kunya ƙwarai, ya ce ofis bai sanar da shi ba, ya fita ya sayo mana ayaba da madara da kuɗin aljihunsa. Shi na yafe masa. Ofishin ne dai, kamfanin da ke sayar da darasin shiri, ya kasa isar da saƙo mai layi ɗaya daga tebur zuwa mota. Wurin salla ma babu a cikin jadawali, a gefen wurin ajiye motoci muka shimfiɗa rigar sanyi.

Gidan tarihin Yongsan katafaren wuri ne, an buɗe shi a 1994 a inda hedikwatar sojan ƙasa take a da, shiga kuma kyauta ce. A farfajiya akwai jirgin B-52 da tankoki jere, har da T-34 ɗin da muka wuni muna jin labarinta. Ka tsaya kusa da ita ka ga yadda gabanta ya kwanta a karkace, sai ka fahimci abin da ya sa roka ke zamewa. Wurin ya fi ƙarfin awa biyu da kamfanin ya ware masa, kuma rabin awa biyun nan a kan saukar da MacArthur ya yi da dakaru ta teku a Incheon, ta bayan 'yan Arewa, ran 15 ga Satumban 1950 aka kashe shi. Na san dalili, nasara ce mai daɗin ba da labari, kuma baƙi suna son MacArthur da lofensa. Amma ga wanda ya zo neman darasin jagoranci, mutumin da ya kamata a daɗe a kansa shi ne Janar Matthew Ridgway, wanda jagoran ya taƙaita a 'yan jimloli muna tafiya.

Ridgway ya karɓi runduna ta 8 ran 26 ga Disamban 1950, bayan Janar Walton Walker ya mutu a haɗarin mota. Ya tarar da sojan da 'yan Sin, waɗanda suka shigo yaƙin a ɓangaren Arewa, suka koro daga kusa da kogin Yalu na kan iyakarsu, kowa idonsa na kan hanyar tashar jirgin ruwa. Bai zo da sabon makami ba. Ya bi sahun gaba a buɗaɗɗiyar jif cikin sanyi yana tambayar kurata abin da ke damunsu. Ya sa aka matso da kicin kusa da bakin daga don a ci abinci mai zafi, aka kawo safar hannu da takardar rubuta wasiƙa. Ya tilasta wa bataliyoyi su bar kan titi su hau duwatsu, su riƙa fita sintiri suna neman abokin gaba. Kwamandojin da suka gaji ya sauya su a hankali ba tare da tozarci ba. Zuwa tsakiyar Fabrairun 1951, a Chipyong-ni, rejimenti ta 23 ta Kanar Paul Freeman da bataliyar Faransa suka zauna a kewaye suka ƙi motsi har 'yan Sin suka janye, a watan Maris kuma aka ƙwato Seoul. Mutanen su ne dai, bindigogin su ne. Tsohon ma'aikacin sito ba zai ji labarin janar da ya fara da safar hannu ya ƙi jin daɗi ba. Ka kwatanta shi da Manjo Janar William Dean na runduna ta 24, jarumi ba shakka, wanda ya bi tanka lungu-lungu da 'yan bazuka a Daejeon alhali rundunarsa na watsewa, ya ɓata a daji fiye da wata guda, ya ƙare a hannun 'yan Arewa shekara uku. Jarumtar laftanar ce a jikin janar.

Batun abin da ya sa ake kiran yaƙin Koriya taƙaitaccen yaƙi ma a guje aka taɓa shi, a bakin ƙofar fita. Shugaba Truman ya iyakance faɗan a cikin zirin Koriya, ya hana kai hari cikin ƙasar Sin, bai yi amfani da nukiliya ba. MacArthur ya yi ta sukar wannan a bainar jama'a har aka tuɓe shi ran 11 ga Afrilun 1951. Aka shafe shekara biyu ana tattaunawa ana kashe juna kan tuddai, kafin a sa hannu kan tsagaita wuta ran 27 ga Yulin 1953, kusan a inda aka fara. Iyakar ta shugabanni ce da taswirarsu. Sojan da ke rami a Osan babu abin da aka taƙaita masa sai harsashi.

Da aka sallame mu, muka koma dogayen barandun da aka zana sunayen matattu ƙasa-ƙasa. Ƙasashe 16 ne suka aiko da mayaƙa ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Na nemi allon Habasha, na bataliyar Kagnew da Sarki Haile Selassie ya turo daga dakarun fadarsa, na same shi. Wannan ma ba ya cikin jadawalin kamfanin.

Ga wanda zai je: in tarihin soja ya dame ka da gaske, ka biya, amma ka nemi su ba ka rabin safe kawai, domin darajar kuɗin tana wajen jagoran da hawan tudun. Ka tafi da takalmi mai riƙe ƙasa, matakalar na da santsi in an yi ruwa. Ka riƙe abincinka a jaka, kada ka dogara da abin da aka rubuta a fom. Mai son zuwa shi kaɗai, jirgin layi na 1 na tsayawa a tashar Sema, daga nan tasi ba nisa, sai dai ba wanda zai nuna maka inda igwar nan ɗaya ta zauna. Yongsan kuwa ka ware masa wuni daban, ka sauka a tashar Samgakji, ban da ranar Litinin da suke rufewa. Babban masallacin Seoul yana Itaewon, tasha biyu daga nan a layi na 6, kuma gidajen abincin halal suna jere a kan hanyar hawa zuwa ƙofarsa. Na rubuta wa kamfanin kan maganar abincin, sun amsa da ban haƙuri, kuɗin dai ba su mayar ba.